Gidan da Baba Ya Bar wa Jam'iyya

Mu uku Baba ya bari a duniya: Yaya, ni, sai Auta. Akwai waɗanda suka rasu tun suna goye a tsakaninmu, shi ya sa Yaya ya girme wa Auta nesa ba kusa ba, har baƙo kan ɗauka ɗansa ne. A shekarun da nake ba da labarinsu, aurena ya mutu na dawo gida da 'yata. Yaya da iyalinsa suna ɗakunan bakin ƙofa, Auta da amaryarsa suna can ƙurya, ni da Inna muna tsakiya. Famfo ɗaya muke ɗiba, ƙofa ɗaya muke fita.

Baba maƙeri ne a Kasuwar Umdurman, birnin da ke ƙetaren kogi da Khartoum. Iyayensa a gonakin audugar Jazira suka ƙare kwanansu, shi kuwa ya gudo birni tun yana saurayi, ya yi kwanan titi har wani tsoho ya ja shi maƙera. Murhun gawayi yake ƙerawa da gadon ƙarfe da ƙofofi. Da wannan sana'a ya sayi fili, ya gina gidan ɗaki bayan ɗaki. Yaya tun yana ƙarami yake zuga masa wuta, kuma babu bangon gidan da bai kwaɓa wa laka da ƙafarsa ba. Auta bai taɓa riƙe guduma ba. Karatu ya yi, daga baya ya manne wa jam'iyyar masallacin unguwarmu, wato ƙungiyar taimako, masu saukar da marasa lafiyar da ke zuwa asibiti daga ƙauye ba su san kowa a birni ba. Su ba su tabarma, su ba su abinci, su raka su wurin likita. Baba yana son wannan aiki ƙwarai. Duk Jumma'a sai an fita da faranti daga gidanmu zuwa can.

Wata rana da hantsi aka kawo mana Baba a bayan mota, ya faɗi a maƙera. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da bakinsa ya buɗe bayan wasu makonni, sai muka ga abin mamaki: Larabcin da ya yi shekaru yana ciniki da shi a kasuwa ya tafi, in ban da na salla. Hausa kaɗai ta rage masa, ita ma a hankali take fita. Ni na yi jinyarsa. Ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu da cokali. Akwai ranar da zai tashi garau, ya tambayi farashin ƙarfe, ya yi wa jikoki faɗa. Akwai kuma ranar da zai kira ni da sunan ƙanwarsa wadda ta rasu kafin a haife ni.

A cikin wannan jinya ne wata safiya ya ce in ɗauko masa farar jallabiyarsa da rawani. Auta ya zo da mota da dattawa biyu na masallaci. Na tambayi Baba ko asibiti za su, ya girgiza kai.

Ya ce, "Zan je in gyara lahirata ne, uwata."

Haka yake kirana. Suka ɗauke shi, suka dawo da shi kafin azahar a gajiye. Yaya yana kasuwa, ba wanda ya gaya masa an fita da Baba. Ni ma ban ɗauki abin da muhimmanci ba, na zaci wurin wani malami suka je neman addu'a. Bai ƙara wata biyu cikakku ba Allah ya karɓi abinsa.

An kafa rumfar makoki a titi, maza a waje, mu mata a cikin gida. Ranar da za a tashi daga zaman, bayan la'asar, shugaban jam'iyyar, wanda kowa ke kira Shehi, ya miƙe ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Daga nan ya ce yana da albishir ga jama'a: marigayi ya bar gidansa gaba ɗaya wakafi ga jam'iyya, a saukar da marasa lafiya a ciki, da sharaɗin matarsa ta zauna a ɗakinta har ƙarshen ranta. Ya ce an rubuta a gaban lauya, da shaidu.

Mu a ciki ƙarar fashewar kofunan shayi muka fara ji. Na fito ko mayafi ban gyara ba. Na tarar Yaya ya kifar da tire, ya ɗaga kujerar ƙarfe, irin wadda shi da kansa yake ƙerawa, ya sauke ta a kan Auta. Auta ya kare da hannu, hannun ya karye, ƙafar kujerar ta tsaga masa goshi. Jini ya wanke masa fuska har ya shiga baki. Maza huɗu ko biyar suka rirriƙe Yaya yana fizgewa, yana cewa ɓarawo ne, ya sace tsoho mai ɓarin jiki ya kai shi ya dangwala yatsa. Samarin jam'iyya suka zaro sandunan rumfa, abokan Yaya na maƙera su ma suka tashi. Rumfar ta faɗo a kan mutane, tsofaffi suna rarrafe suna fita ta ƙarƙashi. Baffa, ƙanin Baba da ya zo daga Jazira, an buge shi a haƙarƙari yana raba faɗa. Haka aka tashi daga makokin Baba.

Baffa bai koma ba sai da ya tara dattawan unguwa don a yi sulhu. Shehi ya ce ba shi da ikon yafe ko taku ɗaya, domin gidan ba nasa ba ne, na Allah ne da bayinsa marasa galihu. Yaya ya ce to Allah ya san wanda ya kwaɓa lakar. Auta, da hannu a rataye, ya ce shi bai roƙi Baba komai ba, umarni aka ba shi ya bi. Aka watse ba a daidaita ba. Yaya ya kai ƙara mahkama, wato kotu.

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma zaman bencin mahkama ya koya mini abin da ake ja a kai. Lauyan jam'iyya ya ce kyauta ce Baba ya yi da ransa, mutum kuwa yana da ikon yin wakafi da dukiyarsa duka muddin yana raye. Lauyan Yaya ya ce ciwon ajali ne Baba yake ciki, abin da mutum ya bayar a wannan hali wasiyya ce, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku sai magada sun yarda. Ya ƙara da cewa ko wannan ma bai inganta ba, domin tsohon ba ya cikin hankalinsa, kuma takardar da Larabci aka rubuta ta, harshen da ya riga ya ɓace masa, wanda ya yi tafinta kuwa Auta ne, ɗan jam'iyyar da za ta ci gidan. Cikin shaidun biyu ɗaya ne kawai yake jin Hausa.

Shari'a tana tafiya, mu kuma muna gida ɗaya. Yaya ya sauya kwaɗon ƙofa ya hana Auta makulli. Auta ya zo da samari suka ɓalle ƙofar da ƙarfe, aka yi ta jifa da bulo a tsakar gida, ɗaya ya sami babban ɗan Yaya a ƙafa. 'Yan sanda suka kwashe su duka, suka kwana a can, Baffa ya sake zuwa ya karɓo su. Matar Yaya da matar Auta, waɗanda da suke tuyar kisra, wato gurasar dawa mai faifai, a murhu ɗaya, suka daina gaisawa. Wata rana a bakin famfo suka kama kokawa, matar Yaya ta ciji kunnen ɗayar har sai da aka yi ɗinki. Inna tana cikin takaba, ba ta fita, tana jin komai ta taga. Ta daina cin abincin kowa sai nawa.

Da aka ce ni za a kira in ba da shaida a kan hankalin Baba, sai kowa ya tuna da ni. Auta ya zo ɗakina da lallashi, ya ce in tuna wannan shi ne burin Baba na ƙarshe, kada in ambaci ranakun ruɗewa. Na ce abin da na gani zan faɗa. Ya fita ransa a ɓace. Yaya kuwa da safiyar ranar ya tare ni a rumfar tsakar gida ina daura mayafi.

Ya ce, "Za ki gaya musu ba ya gane kowa."

Na ce, "Yaya, ranar ya gane ni."

Ban ga tahowar hannunsa ba. Hannun maƙeri ne. Na faɗa kan randa, randar ta fashe, ruwa ya malale ƙarƙashina. Ya kama wuyan rigata ya ɗaga ni ya ƙara mini, haƙorina na gaba ya fita. Ya ce ni da 'yata ina muke tsammanin za mu kwana in aka karɓe gidan, a masallaci? Inna ce ta fito ta faɗa tsakaninmu, ta riƙe gemunsa kamar yadda take riƙe kunnensa yana yaro. Ya sake ni ya fita.

Da kumburarren baki na tsaya gaban alkali. Ya dube ni ya tambayi abin da ya same ni, na ce faɗuwa na yi. Bai yarda ba, amma bai matsa ba. Aka ba ni Alƙur'ani na rantse. Na gaya masa akwai ranakun da Baba yake ruɗewa, na ba shi misali. Na gaya masa a wannan safiya kuwa shi ya nemi jallabiyarsa, ya ce rawanin da na kawo ba shi yake so ba, ya gyara mini yadda na naɗa, kuma ya faɗa mini abin da zai je yi da kalmomin da na riga na ambata. Ya tambaye ni ko Baba yana jin Larabci a lokacin. Na ce, "Maulana, ba ya ji." Ya tambaye ni ko na san abin da Auta ya fassara masa a ofishin lauya. Na ce ban je ba, ban sani ba. Da na sauko, ba Yaya ba Auta, babu wanda ya dube ni.

Hukunci ya fito bayan dogon jira. Alkali ya ce hankalin Baba yana nan a ranar, dattijon da ke jin Hausa ya tabbatar an karanta masa an fassara ya yarda. Amma ya ce ciwon ajali ne, saboda haka jam'iyya kashi ɗaya cikin uku kawai za ta samu, sauran a raba wa magada. Na yi zaton kowa zai ɗauki nasa ya yi shiru. Sai ga shi duka ɓangarorin sun ɗaukaka ƙara zuwa Khartoum. Muka shiga zaryar tsallaka gada a motar haya cikin zafin rana, mu je a ce alkali yana hutu, mu je a ce takardu ba su iso ba. Maƙerar Yaya ta fi kwana a rufe fiye da a buɗe, masu ba shi aiki suka koma wurin wasu. Ya rame, idonsa ya yi ja, ya koma ko 'ya'yansa tsoron shigowarsa suke yi. A ƙarshe kotun Khartoum ta tabbatar da hukuncin farko, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Aka turo mai awo. Ya zagaya gidan da igiyarsa, ya ce tunda jam'iyya baƙi za ta riƙa saukarwa, dole kasonta ya zama mai ƙofa a titi, a ja katanga tsakani, mu kuma a fasa mana wata ƙofar ta lungu. Wato ɗakunan Yaya ne za su zama na jam'iyya. A nan take, gaban mai awo da maƙwabta, Auta ya ce shi ma ya bar wa jam'iyya nasa rabon, don a cika abin da Baba ya so. Mai awo ya matsar da igiya ta cinye rumfar tsakar gida da famfon. Yaya yana tsaye yana kallo. Bai yi zagi ba a ranar, kuma wannan shirun ya fi ba ni tsoro fiye da duk ihun da ya yi a baya. Na je na sami Auta na roƙe shi ya bar zancen katanga ya huce tukuna, ko kuma in za a yi, kada ya zo wurin. Ya ce hukuncin alkali ne, kuma shi ba zai ɓuya a gidan ubansa ba.

Ranar da magina suka zo, safiya ce, yara sun tafi makaranta. An sauke jan bulo a ƙofar gida. Matar Yaya tana fitar da kayanta tana kuka, tana tara su a tsakar gida, gado a kan gado. Auta ya durƙusa yana riƙe wa magini bakin igiya a kan turken da aka kafa. Ni ina wanke kwanuka a bakin famfo, ban fi taku kaɗan da shi ba.

Yaya ya fito daga ɗakin da ake kwashewa da akwatin kayan aikinsa a kafaɗa. Na ɗauka shi ma kwasar kaya yake yi. Ya ajiye akwatin, ya buɗe, ya ɗauko babbar guduma. Ya tako ba sauri ba. Na kira sunan Auta, ya ɗago kai ya juyo, gudumar ta same shi a gefen kai sama da kunne. Ƙarar ba ta da ƙarfi, kamar an fasa kabewa. Ya kife a kan igiyar. Yaya ya ɗaga ya ƙara sau ɗaya kafin magini ya rungume shi ta baya. Ƙafafun Auta suna ta shure ƙasa. Na rarrafa na ɗora kansa a cinyata, na danne wurin da mayafina, amma babu abin dannewa, ƙashin ya lotsa, hannuna yana nutsewa. Idonsa a buɗe, ba ya ganina. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne. Matarsa ta fito da ɗansu a hannu, ta tsaya, ta saki yaron ya faɗi zaune a ƙasa.

Yaya bai gudu ba. Ya zauna a kan bulon da aka sauke, gudumar a tsakanin ƙafafunsa. Samarin jam'iyya suka iso kafin 'yan sanda, suka rufe shi da duka da sanduna da bulo har suka karya masa muƙamuƙi da haƙarƙari, bai ɗaga hannu ya kare ba. Shehi ne ya kwanta a kansa ya hana su ƙarasa shi. Auta ya cika a mota kafin a kai asibiti.

Muka koma mahkama, wannan karon ta masu laifi. Yaya bai musa komai ba. Aka yanke masa kisa, sannan alkali ya kira magadan jini, wato Inna da matar Auta a madadin kanta da ɗanta, ya bayyana musu cewa in ɗayansu ya yafe, kisa ya faɗi, sai diyya da ɗauri. Ya ba su lokaci su yi shawara. Matar Auta ta ce ba ta buƙatar lokaci, a kashe shi. Mutane suka yi ta sintiri a gidan, dangin Jazira, dattawan kasuwa, har Shehi, kowa da abin da yake gaya wa Inna. Ba ta amsa wa kowa ba. Ni ma ba ta yi shawara da ni ba.

Ranar da aka koma, na riƙe ta muka hau matakala. Alkali ya tambaye ta. Ta yi magana da Hausa, aka fassara.

Ta ce, "Na binne ɗaya. Ba zan sa hannu a binne na biyun ba. Amma ban yafe masa tsakanina da shi ba, a rubuta wannan ma."

Alkali ya ce wannan ba a rubuta shi, tsakaninta da Ubangijinta ne. Matar Auta ta taso ta tofa wa Inna yawu a gaban kowa, aka fitar da ita. Washegari iyayenta suka zo daga unguwar Mayo suka kwashe ta da yaron. Ban ga laifinta ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Rabon Yaya ya tafi a diyya. Abin da ya rage na Inna da nawa ba ya zaunuwa, kuma ba wanda yake iya taka tsakar gidan nan, don haka aka sayar. Jam'iyya ta sa wasu magina suka ƙarasa katangar. Na ji an ce marasa lafiya suna sauka a ɗakunan bakin ƙofa, kuma ana kula da su yadda ya kamata. Ban taɓa komawa na gani ba. Muka sami fili a Dar Salam, can bayan gari inda ake sayen ruwa a wurin masu jaki, muka gina ɗaki biyu na laka. Matar Yaya ta zauna kusa da mu da 'ya'yanta, tana sayar da shayi a tashar mota. Ni nake kai wa Yaya ziyara kurkuku a ƙetaren kogi. Inna takan dafa abin da za a kai masa, ta ɗaure da kanta, amma ba ta taɓa cewa in gaishe shi ba.

Bayan shekaru Yaya ya fito daga kurkuku da furfura, bakinsa a karkace saboda muƙamuƙin da bai ɗoru daidai ba. Ya zo ƙofar ɗakin Inna ya yi sallama, ta amsa daga ciki, ta ce ya tsaya nan. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya daɗe, sannan ya tashi. Haka suka zauna sauran shekarunta. Kullum da safe zai zo ya gaishe ta daga waje, ta tambaye shi ko ya karya, ya ce ya karya. Bai koma ƙira ba, dako yake yi a kasuwar unguwa da baro.

Da Inna ta kwanta ciwo, abin ya yi tsanani, na tambaye ta ko in shigo da shi. Ta ce in ɗage labulen kawai. Na ɗage. Yana zaune a ƙasa a rana, ta juyo da kanta ta dube shi, shi kuma kansa a sunkuye. Bayan wani lokaci ta ce in saki, hasken yana damun idonta. Ta rasu a makon.

Yaya ya rayu bayanta shekaru kaɗan, a wani ɗan ɗaki bayan nawa. Ni na yi jinyarsa shi ma. Ɗan Auta ya girma a Mayo, yana gyaran motoci, ya yi aure. Yakan zo gaishe ni da salla, ya kawo wa jikokina alewa. Duk zuwan da ya yi Yaya yana raye, sai ya tsaya a bakin titi ya aiko yaro ya kira ni, mu gaisa a can a tsaye. Sai bayan rasuwar Yaya ya fara shigowa ya zauna.